Ranar da Na Fito daga Mota da Rarrafe

Shekara ashirin ina saro jakunkunan mata a garin Shiling da ke ƙasar Caina, ban taɓa yi wa kaina abin kirki ba. Da na cika hamsin da biyar na ce ya isa. Zan sayi motar nan mai ƙofa biyu, wadda in ta yi ruri sai ka ji a ƙirjinka, in loda ta a tashar jirgin ruwa ta Huangpu zuwa gida.

Na sha babbar riga mai sitaci, na ɗauki aminina Alhaji Sabo ya zama shaida, muka nufi wurin dillalin motoci. Da ya leƙa motar sai ya ce, "Alhaji, wannan ai tabarma ce mai taya. Ka tuna gwiwarka."

Na ce, "Hassada ce."

Shiga ba wuya, faɗawa kawai na yi. Na taka totur, ta yi gurnani, dillalin ɗan Caina yana ta "Laoban!", wato maigida. Wallahi ji nake kamar saurayi.

Sai fita. Gwiwa ta ce ba da ita ba. Tumbi ya maƙale a sitiyari, riga ta naɗe a giya. Sabo ya ja hannu ɗaya, dillali ya ja ɗaya, hula ta gangara ƙarƙashin mota. Ƙarshe da rarrafe na fito. Dillalin, cikin ladabi, ya nuna mini wata ƙatuwar bas.

Ban sayi ko ɗaya ba. Shekara uku ke nan, amma duk ranar da tasi ta tsaya da mu, sai Sabo ya ciro waya ya ce, "Ku dakata in kira Huangpu su turo injin ɗaga kwantena. Alhaji zai sauka."