Rasuwar Doña Perla, Wadda Gabanta da Bayanta Ba Sa'o'in Juna Ba Ne

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da hannuwan da baƙin mai bai gama fita daga cikinsu ba, ni Evaristo Quiñones na unguwar Regla a nan Havana, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da fasinjoji rasuwar motarmu, Doña Perla. Ta cika ranar Talata da hantsi a hawan gidan burodi, ɗauke da mutum shida da buhun shinkafa. Ta ce "kof, kof, fushhh", sannan ta gangara da baya a hankali ta tsaya a gefe, don ba ta taɓa son tare wa kowa hanya ba.

An haife ta a Amurka, Chevrolet ce ƙirar 1955. A wancan zamanin shekara ba ta zagayowa ba a canza musu kama ba. Ta hamsin da biyar bakinta ƙarami ne, ta hamsin da shida aka faɗaɗa bakin, ta hamsin da bakwai aka fitar mata da fikafikai a baya. Su can sabuwa suke saye. Mu nan, tun da jirgi ya daina kawo kayan gyara, wadda ta mutu ita ke raya sauran. Haka Perla ta tsufa da bakin hamsin da shida, fikafikan hamsin da bakwai, da injin dizal na wata motar dakon kifi. Da na tambayi bakanikenta, tsoho Tiburcio, shekarar da zan rubuta, cewa ya yi, "Ta wane ɓangaren kake tambaya, Malam Tunani?"

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ta kai amare coci, ta kai matata Migdalia asibiti haihuwa. Ba ta tashi da safe sai an tura ta, abin da ya sa duk layinmu muka san juna. A giya ta biyu takan yi "meee" kamar akuya. Gishirin teku ne ya ci ta daga ƙasa, har fasinja kan kalli titi ta tsakanin ƙafafunsa. Da ƙashin bayanta ya karye, Tiburcio ya ce walda ba ta da inda za ta kama.

Ta bar ni, da Migdalia, da tayoyi huɗu waɗanda ba uwarsu ɗaya ba.

An jinkirta wannan sanarwa saboda wani alkawari. Mahaifina, Don Anselmo, da zai rasu ya riƙe hannuna ya ce, "Kada ka bari a yanka ta." Ga kuma maƙwabcinmu Yoandri, mai 'ya'ya uku, tasa motar hayar na kwance don lalacewar akwatin giya. Ya zo ta'aziyya da sifana tana leƙowa daga aljihunsa. "Sannu da haƙuri, Kawu. Ciwon dai bai taɓa giyar ba ko?"

Na kore shi, na zauna ina saƙe-saƙe. Wa ya fi haƙƙi a kaina, mamacin da na yi wa alkawari, ko yaran da ke jiran abinci? Migdalia ta ce, "To ka binne ta a falo mana, tsoho, in riƙa share ta."

Na ja Tiburcio muka zagaya gawar ina tambaya, wanne ne na Baba? Ƙofa ba nasa ba, sitiyari ba nasa ba. Da muka zo kan akwatin giya, ya yi dariya har da tari. "Wannan ai daga motar kakan Yoandri aka ciro shi. Ubanka ne ya je gaisuwa da sifana a aljihu, ni na riƙe masa fitila."

Abin da ya rage na motar da Baba ya saya kujerar gaba ce kawai, da lotsawar da zamansa ya yi mata. Ita zan cika wa alkawari. Ko hakan ya isa, za mu yi maganar idan na same shi a lahira.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a tsakar gidanmu. Akwai kofi. Kowa ya zo da sifanarsa, ba a ba da aro. Yoandri ne zai fara. Kujerar tana baranda, zama ya halatta, taɓa ta da ƙarfe bai halatta ba.

Daga mako mai zuwa, duk wanda ya ji wata mota ta wuce tana kukan akuya a giya ta biyu, ya cire hula. Ita ce.