Manajan Sati Uku

Ba zan taɓa mantawa da zamanin manajancina ba, ko na so in manta ma 'yan gidanmu ba za su bar ni ba. Sati uku ne cif, amma har yau in na shiga gida sai ƙannena su miƙe tsaye wai Manaja ya iso.

Muna da gidan burodi a Gwallaga. Tun ina yaro nake jin ana ce masa gidan burodin Alhaji Sale, wato mahaifina. Shekarar da na gama digiri a fannin kasuwanci Baba ya tashi tafiya Umara, ya ce in riƙa leƙawa kafin ya dawo. Ni kuwa na ɗauki abin naɗin sarauta. Washegari na zuba kwat a cikin zafin nan na Bauchi, na je na tsaya gaban tanda ina ɗigar gumi ina ba da umarni ga mutanen da suka goya ni.

Ba abin da ya tsone mini ido kamar Gwaggo Asabe, yayar Baba. Kullum da safe keke zai sauke ta, ta zauna kan kujerar roba a bakin ƙofa, ta latsa burodi da yatsa ta ce gishiri ya yi yawa, ko ƙullun bai tashi ba. Ma'aikata sai rawar jiki suke a kanta. A karatuna wannan shi ake kira rashin tsari. (Har a jerin matsalolin kamfani na rubuta ta, lamba ta biyu, bayan janareta.)

Babban shirina shi ne in kawo mai zuba jari. Akwai wani Alhaji Bappa, kawun abokina, mai gidajen haya a Gwallameji. Na yi ta zuba masa Turanci har ya yarda zai sayi rabin kamfanin, mu sayo tanda mai lantarki da motar rabon burodi. Burina Baba ya dawo ya ga abin da ɗansa ya yi, ya bar mini kujerar gaba ɗaya. Ban gaya wa kowa ba, wai ba-zata zan yi masa.

Ranar da za su zo na lallaɓi Gwaggo ta yi zamanta a gida ta huta. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta gaji ba. Haka suka iso suka tarar da ita tana ɓare goro. Alhaji ya zo da lauyarsa, wata Madam Rifkatu, mai gilashi, irin matan nan da ba sa dariya a banza. Ya gaida Gwaggo, sannan ya tambaye ni ko wace ce. Na rage murya (a zatona dai na rage) na ce, "Tsohuwa ce ta gida, muna ɗan taimaka mata."

Muka shiga ofis, wanda a gaskiya ɗakin ajiye buhunan sukari ne da na sa wa tebur. Na yi bayani har bakina ya bushe. Madam ta bar ni na gama tsaf, sai ta ce in kawo takardun rajistar kamfani. Na buɗe akwatin Baba na zaro fayil ɗin da ban taɓa leƙa cikinsa ba, na miƙa mata da hannu ɗaya ina karkaɗa ƙafa. Ta buɗe shafi biyu, ta gyara gilashi.

"Wace ce Asabe Garba?" in ji ta. "Kashi uku cikin huɗu nata ne. Alhaji Sale ɗaya gare shi. Kai kuma ban ga sunanka ba."

Kafin in haɗiye yawu sai muka ji murya daga bakin ƙofa.

"Ni ce, 'yata. Wadda ake taimaka wa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji Bappa ya tuna yana da ɗaurin aure a unguwar Ɗan Iya, ranar Talata da hantsi. Madam ta rufe fayil ɗin, ta wuce ni, ta miƙa wa Gwaggo da hannu biyu har da rusunawa.

Da ma faɗa Gwaggo ta yi mini, da ya fi sauƙi. Bayan sun tafi ta zaunar da ni ta ba ni labari. Ashe lokacin da Baba ya karye a kasuwancin fata, ita ta sayar da shanun da ta gada ta gina tandar nan, ta sa aka rubuta sunan ƙanenta a allo don kada majalisa ta ce a ƙarƙashin mace yake ci. Shekara da shekaru ba wanda ya ji, har mahaifiyata ta riƙe bakinta. Ni na zo da kwat na tona asirin a gaban baƙi da ma'aikata cikin rabin sa'a.

"Kai taka kunyar gobe ta wuce," ta ce. "Ta ubanka nake ji."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Kafin jirginsu Baba ya sauka labari ya zaga Gwallaga. Ranar da ya fara fita masallaci wani abokin wasansa ya tarye shi da "sannu da zuwa, yaron Hajiya Asabe." Baba ya yi dariya a can, amma ya yi kwana goma bai zauna a majalisa ba, kuma har yau bai taɓa yi mini maganar ba. Wannan shirun shi ya fi cina.

Ni dai na koyi abin da ba a koya mini a jami'a ba. Ban ƙara tallan abin da ban karanta takardarsa ba. Kuma duk ma'aikatar da na shiga yanzu, kafin in gaida mai babbar riga na bayan tebur, sai na fara durƙusa wa tsohuwar da na gani zaune a bakin ƙofa ba ta aikin komai.