Ranar da Na Yi wa Had-dis Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya ba, zamanin da nake da ɗan shagon koyar da kwamfuta a Talata Mafara, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta. Ina tsakiyar darasi sai ga wani dattijo daga wajen Maradun, Baba Ladan, rungume da tsohuwar kwamfuta naɗe cikin zane. Bayan mun gaisa har da tambayar gona da bisashe, ya ce hotunan ƙauyensu ne a ciki, ƙauyen da ruwan dam ɗin Bakolori ya shanye. Marigayi ɗansa ne ya kwafe su a ciki, na takardar kuwa gara ta gama da su. Yanzu sun ƙi buɗuwa.

Na jona ta, na ce ɗalibai su matso su ga aiki (da na san abin da ke tafe, da sallamarsu na yi). Na kara kunnena a jikin akwatin. Sai na ji: ƙas... ƙas... ƙas.

Na miƙe ina girgiza kai irin na manyan likitoci. "Kun ji wannan ƙarar? Had-dis ne, rumbun da ke ajiye komai. In ya fara haka, allurar da ke karanta shi ta lalace, tasa ta ƙare." Na juya wajen dattijon, har da sassauta murya: "Baba, sai haƙuri. Duk mai rai mamaci ne."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya saki carbinsa a kan tebur, ya dafe kai. Ƙarar ta tsaya cak.

Ashe tun ɗazu carbin da yake ja ne ke bugun gefen akwatin.

Hajiya Asabe, wata malamar firamare cikin ɗalibaina, ta ce, "Malam, ko dai mamacin ya farfaɗo?" Shago ya kaure da dariya. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Na zauna na yi abin da ya kamata in fara da shi: na gwada lafiyar had-dis ɗin. Lafiyarsa lau. Tsarin fayilolin ne ya rikice, ƙila an ɗauke wuta ana tsakar aiki. Hatsi na cikin rumbu, ƙofa ce ta toshe. Na kwafe komai gefe, sannan na sa ta gyara kanta.

Da hoton farko ya bayyana, dariyar kowa ta ɗauke. Ga rumbuna jere, ga mata a bakin rijiya, ga wata ƙatuwar tsamiya da maza zaune ƙarƙashinta. Baba Ladan ya matso, ya ɗora yatsa a kan gilashin.

"Wanga shi na ɗakin Inna," ya ce a hankali. "Nan hwa yanzu masunta ka jefa koma."

Gari guda da mutanensa, wanda ruwa ya rufe tun ban san kaina ba, ga shi a ƙarfen da bai fi tafin hannu ba, kuma saura ƙiris in tura shi bola da bakina.

Tun daga ranar na daina yanke hukunci da kunne. In kuwa dattijo ne ya kawo gyara, cikin ladabi nakan ce, "Baba, a ɗan dakata da tasbihi, in saurari majinyaci."