Arba'in da Biyu a Maraɗi

Ba zan taɓa mantawa da yinin da na tsallaka Maraɗi neman gurbin karatun likita ba. Ko yanzu da furfura ta fara cin gemuna, in na tuna sai na ji gumi ya tsattsafo min a ƙeya.

Lokacin na gama shekarar farko a jami'a. Likita na nema, aka ba ni ilimin halittu, aka ce wanda duk matsakaicin makinsa ya haura huɗu cikin biyar ana iya mayar da shi ajin likitoci. Ni kuwa na yi ƙoƙari matuƙa, sai dai a teburin mai shayi da gidan kallon ƙwallo na yi shi. Sakamako ya fito: biyu da ɗigo ɗaya. Ga shi tun ranar da na bar gida Innata ta gama sanar da Jibiya kaf cewa ɗanta likita zai zama. Kowa Dokta yake ce min. (Har akuyar maƙwabta an taɓa kawo min in duba. Na ce a ba ta kanwa, Allah Ya rufa asiri ta tashi.)

Wata Lahadi, ranar kasuwa, Kawu Idi, ƙanen Inna da ke zaune a Maraɗi, ya biyo ta gidanmu. Muna cin abinci yake ba da labari cikin alfahari cewa ɗiyarsa Hadiza ta samu maki sha huɗu a jarrabawa, an ɗauke ta karatun likita a Yamai.

Na ajiye cokali. Sha huɗu? Ni fa kemistirin da ya fi kowane darasi gasa min gyaɗa a hannu, arba'in da biyu na ci.

Abin ya tsaya min a rai. Wace irin ƙasa ce wannan, ga ta nan bayan gidanmu amma ban san ta ba? Malamansu ne ke rowar maki? Ko likitoci ne suka yi ƙaranci har ake ɗiban kowa? Ko jarrabawarsu aljanu ke tsara ta? Babu tambayar da ban yi wa kaina ba, amma Kawu da ke zaune gabana ban tambaye shi komai ba. Na dai yanke hukunci: in sha huɗu ta kai mutum likita, mai arba'in da biyu shugaban asibiti za a ba shi.

Bayan sati na zuba babbar riga, na hau ɗan kabu-kabu zuwa Magama, na shiga mota ta Ɗan Isa. Jami'in kan iyaka ya tambaye ni inda za ni, na ce harkar ilimi ce ta ƙasa da ƙasa. (Sai a mota na tuna da Faransanci ake karatu a can, ni kuma iyakata gaisuwa. Na ce wannan ƙaramin abu ne ga mai arba'in da biyu.)

Ashe Inna ta riga ta aika cewa Dokta na tafe. Na tarar tsakar gidan Kawu cike, an yanka kaji, kakarmu Hajiya Babba tana kan tabarma tana cewa ga mijinta likita ya iso. Hadiza ma tana gida hutu. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ma raga wa juna.

Bayan an ci an sha na gyara murya, na ce na zo ne in taimaki ƙasarsu da ƙwaƙwalwata. Na dubi Hadiza na ce kada ta damu, in mun haɗu a makaranta zan riƙa yi mata bita, domin abin da ta ci na ninka shi uku.

Ta karɓi takardar sakamakona ta duba, ba ta ko yi murmushi ba.

"Yaya Dokta, arba'in da biyun nan, bisa nawa ne?"

"Bisa ɗari mana. Da bisa nawa ake yi?"

"Mu nan bisa ashirin mukai."

Ina ji ƙwaƙwalwar da na zo taimakon ƙasa da ita tana lissafi a hankali, kamar babbar mota a hawa. Kafin in kai, Hadiza ta riga ni: nata sha huɗun saba'in ne a wajenmu, nawa kuwa takwas ne da 'yar ɗoriya a wajensu. Kawu ya sunkuyar da kai, ya ce a nan wanda bai kai goma ba aji yake maimaitawa, ko a firamare.

Da mai hankali ne sai ya yi shiru. Ni sai na ce ai kemistiri kaɗai ne wannan, a dubi matsakaicin makina gaba ɗaya, biyu ne da ɗigo ɗaya.

Hajiya Babba, wadda ta yi renon jikoki a ƙasar ashirin, ta dafe ƙirji.

"Biyu? Kai Idi, ku bincika, yaron ga yana shiga ajin kuwa?"

Na yi ta rantsuwa cewa wannan bisa biyar ne, amma dariya ta riga ta ɓalle, babu mai saurare. Ta miƙo min cinyar kaza, ta ce in ci, ko ba komai na iya tafiya.

A hanyar dawowa jami'in nan ya tambaye ni yadda harkar ƙasa da ƙasa ta kaya. Na ce ana kan tattaunawa.

Na koma makaranta na yi abin da nake ta gudu: na sake darussan da na faɗi, na rabu da mai shayi, na manne wa masu ƙoƙarin ajinmu har suka gaji da ganina. Makin ya tashi, ya haura uku. Bai kai ni ajin likitoci ba, ya dai kai ni ɗakin gwajin jini, inda nake ci da iyalina yau. Hadiza likita ce, kuma har gobe a wayarta sunana Takwas.

Tun daga ranar, ko matata ce ta ce na ci maki a wajenta, ba na saurin washe baki. Sai na fara tambaya: bisa nawa?