Kurwar da ta bi ni a Arlit

Ba zan taɓa mantawa ba da aikina na gardi a Arlit, lokacin tawaye. Fari ne ya koro ni daga karkarar Tawa, ban iya Faransanci ba ko na gaisuwa. Kasuwar iraniyom ta faɗi, Turawan kamfani sun yi ta tafiya, aka ba ni usur da tsaron gidajen da suka bari.

Unguwar tsit take. Akwai wani gida a ƙarshen layi da aka ce mai shi ya mutu a hanyar Agadas, har yanzu labulensa na rataye. Idan na zo nan, sai in ga ƙafata ta ƙara sauri da kanta.

Rannan da tsakar rana, ko tsuntsu ba ya motsi, sai ga wata 'yar jar mota, ba ta fi takalmina ba, ta fito daga ƙofar gidan. Ba igiya, ba mai turawa, ba ƙara. Ta zo gabana ta tsaya. Na matsa dama, ta juyo. Na ja baya, ta biyo ni a hankali. Na kama Ayatul Kursiyyu, na iske rabinta ya gudu ya bar ni.

Sai wata murya daga bayan katanga: "Gardi, kar ka taka ta! Kurwa ce a ciki!"

Shi ke nan. (Na sha gaya wa 'yan garinmu cewa ni ko kura ba na tsoro. Allah ya yafe mini.) Ban san yadda na hau tankin ruwa ba, ina busa usur ina ihu: "Kurwar Bature! Jama'a, kurwar Bature!"

A zamanin nan kuwa, usur ba abin wasa ba ne. Sai ga motar soja, bindigogi a ɗane, sun zaci 'yan tawaye sun shigo.

Agali, Buzun makanike na garejin kamfani, ya fito daga bayan katangar hannu sama, riƙe da akwatin sarrafa motar mai dogon eriya. Abokinsa Idi na biye da wata motar. Ashe Baturen ne ya bar musu su, suke gardama: ta Idi sandar ƙarfe ke juya ƙafafunta, ga ƙarfi ga ƙara, ta Agali ɗamarar roba ce, shi ya sa take tafiya shiru. Agali ya buɗe cikin tasa ya nuna robar ga sajan da ke jagorantar sojojin. Da Faransancin makanikai, sunan irin wannan ɗamara ke nan: kurwa.

Sajan ya ɗaga kai ya dube ni, wandona a yage. "Malam, sauko. Mun kama fatalwar."

Da ƙyar aka bar mini aikin, amma aka karɓe usur ɗin. Tun daga ranar, in an faɗi abin tsoro, sai na tambayi da wane yare aka faɗe shi kafin in nemi abin hawa.