Rasuwar Kaltum Mai Tsirkiya Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da leɓe a fashe, da haƙarƙarin da har yanzu bai yarda a yi tari ba, Umara makaɗin biki na garin Azare yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar Kaltum, jitar bes ta lantarki mai kaurin murya, mai tsirkiya huɗu. Ta bar duniya ranar Laraba da rana tsaka a Chinade, a gindin wani turmi, a hannun mutumin da aka kai ta wurinsa gyara. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ta yi doguwar jinya ba. Kai, a faɗi gaskiya ma, ba ta da ciwon komai, lafiyarta ƙalau aka ɗora ta a kan acaɓa.

Marigayiyar baƙa ce wuluk, mai dogon wuya, mai nauyin da ke barin sawu a kafaɗa. Ba ta da rawar kai. A wurin biki can baya take tsayawa, ta bar wa ganga da fiyano hayaniyarsu, amma da zarar ta ce "duum, dum-dum, duum," sai ka ji abin a ƙirjinka kafin ya iso kunnenka, kwanukan amarya su kama kaɗawa a cikin ɗaki. Daga Azare har Hardawa babu wanda zai ce ta taɓa ba shi kunya. Ta sha rana, ta sha ruwan sama, ta sha wutar janareta mai hauka, ba ta taɓa yin yaji ba.

Asalinta ba ta Umara ba ce. Yayansa Kashim ne ya mallake ta tun suna Maiduguri, shi ya raɗa mata suna. Shekarar da gidansu ya baro Borno a ƙafa, kowa ya ɗauki abin da zai iya, Kashim ya bar kayan sawarsa ya goya Kaltum a baya, mahaifiyarsu tana yi masa faɗa tun daga ƙofar gida har muryarta ta dushe. Bai sauke ta ba. A jikinta, sama kaɗan da tsirkiyar farko, akwai wani ɗan gurbi inda Kashim ke kafa babban yatsansa idan yana kiɗa. Yatsan ya cinye fenti, ya cinye katako, har wurin ya yi sumul ya lotsa daidai shi. Bayan sun zauna a nan, injin niƙa a Gadau ya cinye wannan yatsan. Ranar da aka kwance masa bandeji ya miƙa wa ƙaninsa jitar, ya ce, "Ka kaɗa ta yadda kake so, amma kada ka bari hannun kowa ya taɓa ta." Tun daga lokacin, duk Juma'a sai ya zo daga Gadau, ya zauna kusa da Umara, ya ɗora dungun yatsansa a gurbin nan, Umara yana kiɗa, shi kuma yana jin rawar katakon a hannunsa. Iyakar abin da ya rage masa na kiɗa ke nan.

Masifar daga waya ta shigo. Umara ya ga wani makaɗi a bidiyo yana wani salo da ake kira mari: ka doki tsirkiya da gefen babban yatsa, ka cusa manuniya ƙarƙashin wata ka finciko ta, ta koma ta bugi wuyan jita ta ce "tas!" Shi ke nan, kan ɗan'uwan namu ya kwance. Baiwar Allah da ta saba a shafa ta a hankali, sai ga ta tana shan duka safe da yamma. Maƙwabta shaida ne, sun ji ta tana "ƙwal! tas! ƙwal!" kamar ana karya ƙirare. Ita ma ba ta ƙyale shi ba. Ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu biyu da ke ɗaukar sauti su kai wa lasifika, waɗanda makaɗa ke kira fikof. Na gaban ya taso sama, ya tokare daidai inda yatsa zai shiga. Duk fincika ɗaya sai ya ɗaye masa fata, ranar nan ma ya tsige masa farce ɗungurungum, jini har kan wandonsa. Mai hankali da nan ya tsaya. Umara kuwa ya ce laifin fikof ne, sai an nutsar da shi cikin katako an matsar da shi baya.

Ya san sharaɗin yayansa, bai manta ba. Ya dai gaya wa zuciyarsa cewa aikin yini guda ne, kafin Juma'a komai ya koma daidai. Mai gyaran jita sai Kano, shi kuwa sauri yake yi, sai ya tuna da Malam Hammawa na Chinade, masassaƙin da ya shahara wajen turmi da akushi da kwarangwal ɗin kalangu. Haba Umara! Turmi fa!

Malam Hammawa dattijo ne mai damtse kamar taɓarya, kuma mutum ne mai kishin aikinsa. Ya karɓi Kaltum ya juya ta, ya ƙwanƙwasa gabanta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya kasa kunne, ya taɓe baki.

"Ɗan nan, wa ya sassaƙa maka wannan?"

"Baba, daga waje ta zo. Nan kawai za ka ɗan rarake min, ɗan wannan wurin."

"To, na ji. Je ka yi salla ka ci abinci."

Abin da Umara bai sani ba shi ne, tun da Malam Hammawa ya tashi bai taɓa ganin abin kiɗa marar rami a ciki ba. Kalangu fafaffe ne, garaya fafaffiya ce, molo haka. Da ya ji Kaltum a cike take tam, katako zalla, sai tausayin yaron ya kama shi, ya ɗauka raggon masassaƙi ne ya sayar masa da aikin da ba a gama ba. Ya ƙudurta zai ƙarasa masa, kyauta.

Mai raunin zuciya ya tsallake abin da ke tafe. Malam Hammawa ya kwantar da ita a ƙasa ya take wuyanta da ƙafa. Ya sa bakin gizago ya ɓamɓare fikof ɗin gaba da ƙusoshinsa, wayoyin cikinta suka biyo ja da baƙi, ya tsinke su ya yar. Ya ɗauko ƙarfe ja zur daga wuta zai huda sabon wuri, ƙarfen ya goce ya nutse cikin fikof na biyu, ya narke shi, siririyar wayar da ke naɗe a ciki ta ƙone ƙurmus da wari. Sannan ya gyara tsayuwa ya shiga sara. Gizago yana sauka, katako yana tashi, baƙin fenti yana tarwatsewa, har ya fafe ta tas kamar akushi. Gurbin yatsan Kashim yana cikin saran farko.

Da Umara ya dawo ya ga abin da ke ƙasa, bai yi salati ba, ihu ya kurma. Ya yi tsalle ya shaƙe wuyan rigar dattijon.

"Ka kashe ni! Tsohon banza, ka kashe ni!"

"Ni kake zagi? Na yi maka alheri ka zage ni a ƙofar gidana?"

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana daddatsa kirya ba a shaƙe shi a zauna lafiya. Naushi ɗaya ya fasa wa Umara baki, ya ɗaga shi ya nana da turmi, ya rarumo wata taɓarya da bai gama gogewa ba ya zuba masa a haƙarƙari. Da ya ɗaga taɓaryar zai ƙara masa, Umara yana ƙasa, ya laluba abin da zai kare kansa, hannunsa ya faɗa kan Kaltum, ya ɗaga ta sama. Taɓarya ta sauka a wuyanta. Ta ce "ƙwas!" Tsirkiyoyi uku suka tsinke suka zane fuskokinsu duka biyun, ta huɗun ta yi wani dogon "duuuum" a hankali, irin muryarta ta da, har ya ɓace. Maganarta ta ƙarshe ke nan. Wanda ya yi wata guda yana marinta, shi ta tare wa duka.

Ta rasu ta bar lasifika guda, wanda tun ranar ba abin da yake yi sai gurnani in an kunna shi. Ta bar igiyar rataya mai warin gumin 'yan'uwa biyu, da tsirkiya ɗaya, da Umara, wanda ba ya iya haɗa ido da kowa. Ta kuma bar Kashim.

Ranar Juma'a ya zo kamar kullum. Ya tarar da ita a kan tabarma an rufe ta da zane. Ya yaye, ya duba, ya kai dungun yatsansa inda ya saba kaiwa, yatsan ya faɗa rami. Ya fita ya hau acaɓa zuwa Chinade, ya durƙusa a wurin saran yana tona ƙasa, ko zai samu ɓallin katakon nan guda ɗaya. Malam Hammawa, da ya ji labarin gurbin, sai ya shiga gida ya tambayi inda ɓaraguzan suke. A gidan masassaƙi ɓaraguzan sara na murhu ne. Tun ranar Laraba uwargidansa ta share su ta tuƙa tuwo.

Da Kashim ya dawo Azare, Umara ya zube a gabansa yana kuka wiwi.

"Yaya, ka dake ni. Don Allah ka dake ni."

Kowa a gidan ya so a ce ya dake shi, da an huta. Kashim ya dubi hannunsa, ya mayar da shi aljihu.

Game da jana'iza: ba za a yi mata salla ba, katako ce, mun sani, kada wani ya zo yi mana wa'azi. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidansu Umara, kuma duk wanda ya zo da bidiyon kiɗa a wayarsa zai koma da ita a fashe. Malam Hammawa ya aiko da sabon akushi na ban haƙuri, an mayar masa. Za a binne ta gobe Asabar a Gadau, bayan ɗakin Kashim. Ana roƙon 'yan acaɓa da direbobin hanyar, idan suka ga wani saurayi mai fasasshen baki yana tafe a ƙafa da gawar jita goye a bayansa, kada wanda ya tsaya ya rage masa hanya, ko da sun ga yana tangaɗi. Yayansa zai biyo shi a baya. Umara ya tambaya ko zai iya sauke ta ya huta in haƙarƙarin ya matsa masa, Kashim ya ce, "Ni ban sauke ta a hanya ba."