Ciwon Shawarar da Auduga ta Warkar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwashi rabin matan garinmu Dinawa zuwa asibiti a Wurno ba, a kan ciwon da 'yar auduga ta warkar.

Ummi ɗiyata ce ta fari, lokacin ta fara zama budurwa. Wata safiya ta ƙi fitowa karin kumallo, ta ƙudundune cikin hijabi a ƙuryar ɗaki, wai kanta ke ciwo. Na jawo ta bakin ƙofa na yaye hijabin. Fuska rawaya, wuya rawaya, tafin hannu kamar ta dama garin ɗorawa.

Ni kuwa shawara ce ta ɗauke ƙanena muna yara, ana ta jiƙe-jiƙe a gida har lokaci ya ƙure. Nan take na manta da kunyar ɗiyar fari, na rungume ta ina salati da ƙarfi, har surukata Inna ta fito da carbi a hannu.

"Mi ya hwaru?"

"Shawara ce, Inna! Ta kai har hannu!"

"To a samo sassaƙe a jiƙa mata."

"A'a Inna, hanta ce ke taɓuwa, mun karanta a makaranta. Asibiti za mu." (Allah ya yafe mini, har da ɗaga yatsa na yi kamar malamar kimiyya.)

Na buga wa maigidana Malam waya yana Goronyo wajen albasarsa, ya bar ban ruwa ya hau babur. Kafin a samo mota gida ya cika. Wata ta kawo rake, wata ta kawo ruwan tofi, sauran suka ce ba za a tafi babu su ba. Ummi ta yi ta jan zanena tana cewa, "Mama, ni dai..." ina toshe mata baki, "Yi shiru ɗiyata, kada ki wahalar da kanki."

Nas ɗin da muka tarar dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawa ko kaɗan. Na zazzage mata bayani har da sunan ciwon, ta saurara tsaf, sannan ta ce, "To Hajiya, bari mu ma mu gani da namu idon." Ta auna zafin jikin Ummi, ta ɗora ta a sikeli, ta danna cikinta ta gefen dama, ta tambayi launin fitsarinta. Ta ja fatar idonta ƙasa ta daɗe tana dubawa. Sai na ga ta kai hanci kusa da wuyan yarinyar ta shinshina.

"Ku ɗan ba mu wuri, zan yi magana da ita ita kaɗai."

Muka fito waje. Na ce a raina abin ya yi girman da ba a faɗa gaban uwa. Inna na ta mita, "Mi za ta hwaɗa mata wanda ba mu ji?" Malam ya iso da taɓo har gwiwa, ya jingina da bango yana jan hasbunallahu.

Da aka kira mu, kowa ya kutsa, har mai raken. Nas ta jiƙa auduga da sifirit ta goga a goshin Ummi. Auduga ta koma rawaya, goshi ya fito fes.

"Ga shawararku nan," in ji ta. "Kurkum ne. Ta ce a wani gwangwanin madara ta same shi, ƙarƙashin gadonki."

To ni nan ya kamata ƙasa ta tsage. Gwangwanin nan haɗin dilkata ne na gyaran fata, na sayo a ɓoye a kasuwar Gandi saboda bikin ƙanwata. Ni nakan shafa kaɗan in wanke da wuri, ita kuwa ta lafta ta kwana da shi. Abin da ya fi muni, kwanaki kaɗan kafin nan Inna ta yaba hasken da nake yi, na sunkuyar da kai na ce mata, "Hasken alwala ne, Inna."

Inna ta karɓi audugar, ta duba, ta dube ni.

"Ashe wagga ita ce alwalar?"

Mai rake ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Malam ya fice yana tari irin na mai haɗiye dariya. Nas ta leƙa bayan kunnena ta ce, "Hajiya, ke ma ki hau sikelin, na ga taki ta fara."

Bayan an watse ta zaunar da ni. Ta ce na yi daidai da na kawo ta da sauri, amma shawarar gaske a farin ido ake fara ganinta, na Ummi kuwa fari tas. Ta ce ƙurajen fuska ne suka fito wa yarinyar, ƙawayenta na yi mata tsiya a makaranta, ta rasa yadda za ta gaya mini. Wannan ya fi dariyar matan nan yi mini zafi. A mota Ummi ta kwantar da kai a kafaɗata ta ce, "Mama, tun da safe nake son faɗa miki." Na sha raken da aka kawo mata don in sami abin yi da bakina.

Tun daga ranar, in yaro ya canza launi, ido nake fara dubawa, in kuma ya ce "ni dai", sai na bari ya kai ƙarshe. Gwangwanin ma ya fito daga ƙarƙashin gado, ni da Ummi muke shafawa tare. Inna kuwa har yau in ta ga na ɗauki buta, sai ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Da kurkum za a yi, ko ta salla ce?"